Rigunan Sanyin da Laure Ta Warware

Unguwar Nassarawa,
Birnin Kebbi,
Jihar Sakkwato.
14 ga Yuli, 1985.

Zuwa ga yayana Dikko, a Bukuru.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Aishatu da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya tsare ka a bakin aikinka na kuza, ya raba ka da sharrin rami da na ƙarfe. Mu nan muna lafiya gwargwado, alhamdu lillahi. Maigidana Malam yana gaishe ka ƙwarai; ciwon ƙirjin da ya dame shi cikin azumi ya sauka, har ya koma zaure wajen karatu. Ni ma ina zuwa makaranta, aji uku aka ba ni bana. Ruwa ya sauka tun farkon watan jiya, gero ya kai gwiwa, mutane sun fara ɗaga kai bayan farin bara, ko da yake hatsi bai sauko a kasuwa ba har yanzu. Inna tana can Argungu, ƙafafun ne dai kamar yadda ka sani, sai da sanda take kaiwa bakin ƙofa, salla ma a zaune take yi, amma tana cin abinci kuma hankalinta garau.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne takardar da ka aiko wa ƙanenmu Hodi a kan matarsa Laure. Ya zo mana da takardar ranar Alhamis, Malam ya karanta, ni ma na karanta. Ka ce labari ya iske ka cewa Laure ta sa almakashi ta yayyanka rigunan sanyin da ka aiko, tana wasa da 'yan tsana kamar ƙaramar yarinya, har ta cusa hannunta cikin wuta, don haka a matsayinka na babba ka yarda a kai ta gidan mai magani can ƙetaren gulbi. Ban ga laifinka ba, abin da aka gaya maka ke nan, kuma babu ƙarya a ciki. Sai dai an ba ka ƙarshen zance an bar farkonsa. Ni na ga wani abu da idona, wani na ji daga bakin Inna, wani daga bakin Laure kanta, wadda yau wata biyu da rabi ke nan tana gidana. Ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin ka sake cewa komai.

Ina Argungu ranar da aka kwance buhun da ka aiko hannun Maigandi direba, farkon ɗarin da ya wuce. Riguna bakwai ne na ulu waɗanda suka yi wa 'ya'yanka kaɗan, da ɗaya babba ta Aishatu a cikinsu. Cikin 'ya'yan Hodi, Usmanu ya fizgi ja mai farin layi a ƙirji, ya ƙi cire ta ko da rana ta take. Labbo ya samu shuɗiya, ta sauko masa har gwiwa, sai da uwarsa ta naɗe hannuwan sau uku kafin yatsunsa su fito. Maryamu, da ke goye a lokacin, aka sa mata rawaya mai maɓallai huɗu. Tamba, babbarsu, ta ɗauki koriya. Inna ta riƙe ruwan toka ta Aishatu, sauran biyu aka adana. Ka san shekarar ce shinkafar fadama ta ƙone tun kafin ta fitar da kai, gidan Hodi kunu ake sha da safe, tuwo sai in an samu. Yaran duk sun rame, amma da suka sa rigunan sai haƙarƙarinsu ya ɓuya, wanda bai sani ba sai ya ce ƙiba suka yi. Na tuna Inna tana dubansu a tsakar gida tana sa maka albarka.

Cikin watan Fabrairu ƙyanda ta shigo unguwar, kuma da wuya ka nuna gidan da ba ta taɓa ba. Ka samu labarin rasuwar, ka aiko da ta'aziyya, amma ban tsammanin an gaya maka yadda abin ya bi da bi. Usmanu ta fara kamawa. Zazzaɓi, jan ido, ƙuraje suka feso, sannan tari ya sauka masa a ƙirji, ranar kwana tara ya cika. Kwana huɗu a tsakani Labbo ya bi shi. Maryamu bakinta ya yi gyambo har ba ta iya kama nono, ga zawo. Laure ta goya ta da safe ta nufi asibiti a ƙafa, sai da ta kai bakin ƙofar asibitin wata mai sayar da ƙosai ta dube ta ta ce ta zauna tukun, ta sauko da yarinyar. A hanya ta rasu, uwar tana ta tafiya tana jijjiga ta. Cikin kwana goma sha shida aka fitar da gawa uku daga ɗaki guda, kuma Hodi da hannunsa ya haƙa kabarin kowanensu, bai yarda wani ya karɓi magirbin ba.

Tamba ma ta kamu, ita ta tashi, amma idanunta sun yi kwana goma a rufe suna zubar da ruwa, da suka buɗe sai ga fari ya lulluɓe su. Likitan ido da ke zuwa daga Sakkwato ya duba ta nan Birnin Kebbi, ya ce na hagu ya mutu, na dama kuma rana da inuwa kawai zai riƙa bambantawa, babu abin da za a iya yi. Shekararta takwas. Ba ta ga fitar da ko ɗaya daga cikin ƙannenta ba, tana kwance ba ta san inda take ba. An gaya mata sun rasu, ta ce to, amma ba ta daina kiransu ba. Inna ta ce sai ta zauna jikin bango tana lalubar tabarma da tafin hannu, tana cewa Labbo ya matso. In an kawo kunu sai ta ture, ta ce a fara ba Maryamu. Laure kuwa ba ta yi wani kuka ba, mata masu zuwa gaisuwa har yaba haƙurinta suke yi. Tana shara, tana daka, tana ɗebo ruwa, amma sai a wuni ba a ji muryarta ba.

Rigunan mamatan Inna ta ɗaure su cikin tsumma don a bayar sadaka, aka rasa mai karɓa, kowa yana tsoron ciwon. Suna nan bayan randa har wata rana Tamba ta lalubo ƙunshin ta kwance. Inna ta ce da hannu da hanci ta gane kowace riga, ta ɗaga shuɗiyar ta ce wannan ta Labbo ce, ga hujin gwiwar hannu inda ƙusa ta kama shi. Daga ranar ta rungume su ta ƙi saki. Ga shi bazara ta shigo, zafi kamar ana hura wuta, yarinya tana ƙanƙame da ulu guda uku har ƙurajen zafi suka cika mata wuya da ƙirji suka fara ruwa. In an karɓe ta yi ta buga kai da bango. A nan ne Laure ta ɗauki rigunan ta wanke su, ta nemi reza.

Ba yayyanka su ta yi ba, Yaya, warware su ta yi, kuma ni na koya mata tun tana amarya, lokacin da nake zuwa hutu da kwarashina. Ana farke ɗinkin gefe da na kafaɗa ne a hankali, a nemo bakin zare a wuya, a ja, sai rigar ta riƙa tahowa layi bayan layi. Zaren yakan fito a lanƙwashe, sai a kifa kujera a naɗe shi a ƙafafunta, a jiƙa da ruwan ɗumi, a rataye da ɗan dutse a ƙasa ya miƙe, sannan a dunƙule. Haka ta yi wa riguna ukun nan. Ta kaɗe audugar rimi daga tsohon matashin kai, ta saƙa 'yan tsana uku, kowace ba ta wuce taki ɗaya da rabi ba. Ba ta yi musu fuska ba, ko ido babu. Ja ta yi mata dogayen ƙafafu, shuɗiya ta yi mata hannuwa masu naɗi uku, rawaya ta jera mata maɓallanta huɗu, don yarinyar ta gane su da taɓi. Ta miƙa wa Tamba. Inna, wadda ba ta son abin tun farko, ita ta shaida mini cewa a ranar Tamba ta shanye kunu kwano guda, ƙurajen suka bushe cikin mako, ta daina buga kai. Tana zaunar da su a cinya tana yi musu faɗa kamar yadda ta saba yi wa ƙannenta.

Ba zan ɓoye maka komai ba, don in na ɓoye ba ka da dalilin yarda da sauran maganata. Laure ba ta tsaya nan ba. Ta warware riguna biyun da aka adana, ta warware ruwan tokar Inna ba ta tambaya ba, ta saƙa ƙwallo, ta saƙa jaki, ta saƙa wani abu mai kama da jirgin ruwa. In ulu ya ƙare sai ta warware abin da ta gama ta sake farawa. Sau biyu ta bar tuwo ya ƙone a tukunya tana zaune kusa da murhu da kwarashi a hannu, a shekarar da ba a zubar da ko ƙanzo. Inna ta ji ta tana rarrashin rawayar, tana ce mata ta yi shiru. Wata rana ta goya ta da zane ta tafi rijiya, mata suka gani, zance ya cika unguwa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce gumaka take ƙerawa a gidan Musulmi, wasu suka daina barin 'ya'yansu su shiga gidan. Duk wannan ya faru, kuma Hodi ne yake jin maganganun a masallaci da bakin kasuwa.

Ranar wata Juma'a, ƙarshen Afrilu, da hantsi, Hodi ya dawo daga fadama. Rijiyar da yake ban ruwan albasa da ita ta ƙafe, ya yi kwana uku yana zurfafa ta bai samu ko laima ba, a ranar ya haƙura ya bar albasar ta mutu. Ya shigo gida ya iske 'yan tsanan nan uku a jere bisa tabarma, an lulluɓe su da farin ƙyalle har kai. Tamba ce ta rufe su, wai ƙudaje suna damunsu, ba ta ma san launin ƙyallen ba. Amma ka duba abin da mutumin da ya haƙa kabari uku ya gani. Ya kwashe su ya watsa cikin murhu ƙarƙashin tukunyar wake. Laure tana bakin turmi, ta jefar da taɓarya ta sa hannun dama cikin wutar har wuyan hannu. Rawayar kaɗai ta samu ta fizgo, rabinta. Ulun akwai haɗin roba a cikinsa, ya narke ya manne mata a yatsu, kuma ba ta saki ba har sai da Hodi ya ɓamɓare. Tamba tana zaune taku uku daga wurin, tana jin ƙauri kamar na gashi, tana ta tambaya mene ne ke ƙonewa.

Maƙwabta suka shigo, aka ce ai magana ta tabbata. Aka ɗaure ƙafar Laure da igiya jikin dirkar rumfa don kada ta koma wa wuta, aka shafa mata man shanu da toka a hannun. Inna ta aiko mini da Maigandi, amma sai ranar Litinin saƙon ya iso. Na bi motar farko. Na iske ta zaune a ƙasa, igiya ta ci mata idon sawu, hannun ya kumbura ya fara wari, Tamba tana kwance da kai bisa cinyarta. Ban yi gardama da kowa a kan hauka ba. Na ce wa Hodi hannun nan in ya ƙara kwana biyu sai an yanke shi, a bar ni in kai ta asibiti a Birnin Kebbi inda nake da wurin jinya. Ya yarda, da sharaɗin in ta warke za a dawo da ita a kai ta inda aka shirya. Da hannuna na kwance igiyar, na taho da ita da Tamba. A cikin mota, mun wuce rabin hanya, Laure ta juyo ta yi mini magana, kuma dama Inna ta ce rabon da a ji ta yi wa mutum doguwar magana tun rasuwar. Ta ce, "Yaya, ni na san sun mutu. A bayana Maryamu ta huce. Wagga ɗiya ce ba ta ga komi ba, ta farka ta iske gida ba kowa."

Ta yi sati uku a asibiti. An ceci hannun, amma manuniya da ta tsakiya sun ƙanƙance sun lanƙwashe cikin tafi, babban yatsa kuma ya sandare. Ba za ta sake riƙe kwarashi ba. Da muka dawo gida sai ta zauna da hannun a cinya tana kallon bango, azumi ya kama, kuma gaskiya a kwanakin nan na fi jin tsoro fiye da ranar da na iske ta a ɗaure, don ko ruwan buɗe baki sai na kai mata baki. Tamba ma ta koma lalubar tabarma. Ban san dabarar da zan yi ba, sai na tuna wata tsohuwar rigar sanyin Malam, ruwan ƙasa, wadda asu ya cinye wa gaba. Na farke ɗinkin na ɗora wa Tamba a cinya, na ce ta nemo mini bakin zaren, ni idona ya gaji. Ba ta daɗe ba ta samo. Ta fara ja, amma tana fizga da ƙarfi zaren yana tsinkewa. Sau uku yana tsinkewa, sai na ji Laure daga bayana ta ce, "Sannu-sannu, ba haka ba. Kawo hannunki." Ta matso ta kama yatsun yarinyar da hannunta na hagu.

Tun daga ranar aikinsu ke nan. Bayan karin kumallo sukan shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida har azahar. Laure tana riƙe dunƙulen da hagu tana ƙirga mata idon saƙa da baki, Tamba tana saƙawa. Farko abin ya yi ta fitowa a karkace, yanzu kuwa hannunta ya fi nawa daidaito, don ita ba ta da abin da ke ɗauke mata hankali. Matan unguwa da suka gani suka fara kawo tsofaffin rigunan sanyinsu. Waɗanda ke warwaruwa a yi hular jarirai da safa, da ƙwallon da ake cusa wa tsumma. Akwai 'yan ƙananan duma da Malam ya samo, Tamba tana zuba musu tsakuwa ta saƙa musu riga su zama abin kaɗawa na jarirai. Waɗanda suka cuɗe da wanki har ba su warwaruwa, ni nake yanka su siri-siri, su kitsa, in ɗinke ya zama shimfiɗar zama; hannuwan kuma mu toshe bakinsu su zama safar tsofaffi, na aika wa Inna guda biyu. Tamba ta saƙa giwan ruwa daga abin da ta tuna, kan ya fi jikin girma, amma duk yaron da ya gani ya san kifi ne. Yaran maƙwabta yanzu suna zuwa su zauna gefenta, kowa da abin da yake so a yi masa, kuma ita ke yanke wanda za a fara wa. Na tambayi Malam batun gumaka da aka yi ta faɗi, ya ɗauki jakin ulu ya jujjuya, ya ce shi bai ga laifi ga abin wasan yara ba, kuma duk mai ja ya zo zaure su yi magana.

Ban ce Laure ta warke ba. Akwai ranakun da takan tashi ba magana har la'asar. Akwai ranar da na iske ta ta tsaya tsakar gida da zanen goyo a hannu ba ta san abin da ta fito yi ba. Amma tana salla a kan lokaci, ta koyi tuƙa tuwo da hagu, ita ke yi wa Tamba wanka da kitso. Ranar da maƙwabciyata ta shigo da jaririnta sanye da hular da suka saƙa, Laure ta karɓe shi ta duba, ta mayar wa uwar, ta shiga ɗaki ta yi kukan da ba ta yi ba tun Fabrairu, har muryarta ta dushe. Ban hana ta ba. Tamba ta taɓa roƙonta su sake yin 'yan tsanan nan uku, Laure ta ce a'a, an gama da wannan. Wanda hankalinsa ya gushe ba ya faɗin haka, Yaya.

Gidan da ake so a kai ta kuwa kai ka fi ni saninsa. Can aka kai Ruƙayyatu 'yar baffanmu muna yara, kuma kai da Baba kuka ɗauko ta a jirgin ruwa bayan wata bakwai. Ka ga sawun mari a ƙafafunta, ka ga bayanta, ka san ba ta sake gane kowa ba har ta koma ga Allah. Ban ce mutanen ba su taɓa warkar da kowa ba, ban sani ba. Abin da na sani shi ne ba a shiga can da yaro. Za a bar Tamba a Argungu tare da Inna da ba ta iya tafiya sai da sanda, da uban da ke fita fadama tun asuba, a gidan da ke da rijiya ba murfi.

Sai zuwan Hodi na ranar Alhamis. Ya rame har wuyan rigarsa yana zamewa. Ya zauna zaure da Malam ya miƙa takardarka, sannan ya yi sallama ya shigo ya gaishe ni. Laure ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tashi za ta kawo ruwa. Tamba tana kan tabarma. Rabonta da muryar ubanta tun ranar da muka baro Argungu, na ɗauka za ta tashi ta nufe shi. Sai na ga ta tattara dunƙulen ulu da kwarashi da kifin nan ta tura ƙarƙashin zanenta, ta danne da hannu biyu, ta ɗaga fuska wajen da muryar ta fito ta ce, "Baba, ka zo da wuta?" Ba da tsiwa ta faɗa ba, tambaya ce kawai. Hodi ya tsaya kamar an dasa shi. Ya juya ya fita, ko ruwan bai sha ba. Malam ya bi shi har tasha. Ya ce mini a bayan wata mota ya same shi tsugune yana kuka, yana cewa shi bai san abin da zai yi da gidan nan ba, tun Fabrairu bai iya shiga ɗakin ba, a rumfa yake kwana, kowa yana ce masa in bai nema wa matarsa magani ba ya ci amanarta. Hodi ya ce yanzu kuma babban yaya ya yi magana, shi ba zai tsallake ba. Zai dawo da mota mako guda bayan Babbar Salla. Na aika wa Inna, ta ce ita ta tsufa, magana tana hannun Dikko.

To ga ta a hannunka. Abin da nake roƙo, don Allah, ka sake rubuta wa Hodi ka janye wancan izinin, ka ce a bar Laure da Tamba a wurina har kaka, sannan a zauna a duba. Malam ya yarda, ɗaki akwai, abin da muke ci shi za su ci. Kada ka yi wa Hodi faɗa a takardar, ba mugu ba ne, kuma abin da ya ji daga bakin 'yarsa ya ishe shi. Shi ma mai jinya ne, ba a dai ɗaure shi ba. In da hali ka zo Salla da kanka, ka kwana biyu a Argungu, ka shiga ɗakin nan tare da shi. Rabonka da gida shekara huɗu, kuma babu wanda yake jin maganarsa kamar kai. Maigandi zai taso daga can ranar ashirin da takwas ga wata, in ka ba shi amsa za ta iso da sauran lokaci. In kuma Aishatu za ta iya tattaro mana tsofaffin rigunan sanyi daga maƙwabtanta, mun gode. Ba sai masu kyau ba, ko sun huje ba komai, saƙar hannu ta fi warwaruwa.

Ka gaishe mini da Aishatu da kyau, ka ce ina yi mata barka da sauka, Allah ya raya, ya sa mahaddaci ne. Ka gaishe da yara duka, babba da ƙarami, da maƙwabtanku da suka karɓe ni waccan shekarar. Malam yana gaisuwa, Inna tana sa albarka. Laure ta ce in gaishe ka, in ce ta gode da rigunan, yaran sun ji ɗuminsu kafin su tafi.

Akwai ɗan ƙunshi tare da takardar nan, ƙwallo ne Tamba ta saƙa wa sabon jaririnku, aikinta na farko da ta yi ita kaɗai ba a ƙirga mata ba. Za ka ga launukan sun shiga juna ba tsari, kore cikin ruwan ƙasa cikin fari, don guntayen zare ta ƙulla, kuma ba ta da yadda za ta sani. Ta tambayi uwarta ko ya yi kyau, uwar ta ce ya yi. Ka gaya wa Aishatu kada ta gyara shi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba ka ikon yanke abin da ya fi alheri. Wassalam.

Ni ce ƙanwarka,
Riskuwa.